Wayar Gyaran Haƙori da Murar da Ba ta Ƙarewa

Hunturu na kamawa a Jos, ƙorafin iyayen da suka sa wa 'ya'yansu wayar daidaita haƙora sai ya ƙaru: yaro na ta atishawa, dasashi ya kumbura, leɓe ya tsage. Nan da nan a yanke hukunci cewa ƙarfen ne jiki ya ƙi, a cire shi.

Akwai masu wannan matsala da gaske. Wayar farko da ake ɗaurawa kusan rabinta sinadarin nikel ne, wanda ke sa kunnen wasu mata ƙaiƙayi idan sun sa 'yan kunne masu araha. Amma cikin baki abin bai cika tashi ba, in ma ya tashi akwai wayar da ba ta da nikel. Sau da yawa ƙurar hazo ce ta toshe hanci, yaro ya kwana yana numfashi ta baki, dasashi ya bushe.

Abin lura yana can cikin ƙashi. Haƙori kamar turke ne a ƙasa: in za a matsar da shi, ana haƙe gabansa ne ana cike bayansa. Waya na matsawa, wasu ƙwayoyin jiki su cinye ƙashin da ke gaba, wasu su gina na baya, kimanin milimita 1 a wata. Sinadaran kumburi ne ke ba masu cin ƙashin umarni, kuma irinsu ne ke yawaita a jikin mai borin jini ko asma. Shi ya sa ake fargabar cin ya zarce ya taɓa saiwar haƙori, ta gajarce. Masu bincike a Jami'ar Kyushu ta Japan sun ga haka a jikin ɓeraye a 2013. Ɓera ba mutum ba ne, amma hujja ce da ta isa a riƙa duba saiwar da hoton ƙashi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kemis. Daga Taminus zuwa Farin Gada, mutum zai sayi dexamethasone ba takardar likita, ya sha wata da watanni don mura, alhali yana raunana ƙashi. Ibuprofen kuwa, da ake sha saboda zogin waya, yana iya rage saurin tafiyar haƙori. Farasitamol ya fi dacewa. Likitan haƙori a asibitin JUTH da ke Lamingo ba zai san yaro na shan waɗannan ba sai an faɗa masa, iyaye kuma sukan yi shiru, wai ai wannan maganar hanci ce.