Mece ce shaidar "Tier III" da cibiyoyin adana bayanai ke tallata kansu da ita?

Da wuya a buɗe sabuwar cibiyar adana bayanai, wato ginin da ake jera kwamfutocin da ke riƙe da bayanan bankuna da kamfanonin waya, ba a ji an ce ta kai "Tier III" ba. "Tier" ma'auni ne mai hawa huɗu da cibiyar Uptime Institute ta Amurka ta ƙirƙiro. Hawa na uku na nufin a iya kashe janareta ko na'urar sanyaya ɗaki don gyara, aiki bai tsaya ba. Na huɗu kuwa, ko wani sashe ya lalace ba zato, sauran za su ɗauki nauyin.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shaidar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ake bayarwa kan zanen gini tun yana takarda, akwai wadda sai injiniyoyi sun zo sun gwada ginin da aka kammala. Masu talla sukan ɗauki ta farko su yi shela kamar ta biyu ce a hannunsu, har a 2015 Uptime ta daina ba cibiyoyin adana bayanai na haya da ke Arewacin Amurka shaidar zane ita kaɗai. Wani zai ce ai zane mai kyau alamar gini mai kyau ne. Haka ne, amma zane ba ya tayar da janareta idan an ɗauke wuta, kuma wanda kuɗinsa ya maƙale a banki shi ke ɗanɗana kuɗarsa. Duk hukumar da za ta ba da amanar bayanan jama'a, ta nemi shaidar ginin da aka gwada kafin ta sa hannu.