Me Ya Sa Ba a Cewa Akuya Ta Rasu? Hanyar Tara Kalmomin Turanci

Shirin yau na masu shirin JAMB da WAEC ne, da masu rubuta takardar neman aiki, da duk wanda Turancinsa ya tsaya a "good" da "bad" da "very very". Za mu yi magana kan kalmomi masu ma'ana kusan ɗaya, waɗanda Turawa ke kira "synonyms". Ku lura fa, na ce kusan ɗaya.

Bari mu fara daga gida. A Hausa muna cewa ya mutu, ya rasu, ya kwanta dama, ya riga mu gidan gaskiya, ya yi wafati. Duk abu ɗaya ne ya faru. Amma ka taɓa jin an ce akuya ta rasu? Ko ka je ta'aziyya ka ce wa mutum "na ji babanka ya mutu"? Ba ƙarya ka yi ba, amma za a ce ba ka da tarbiyya. Wafati kuwa an fi ajiye shi ga Annabawa da manyan bayin Allah. To haka Turanci yake. "Die" ta kowa ce, mutum ko dabba. "Pass away" ita ce rasuwa. "Perish" halaka ce, irin ta gobara ko hatsarin jirgi. "Kick the bucket" kuwa shaƙiyanci ce, kamar ka ce wane ya sheƙa barzahu. Don Allah kar ka sa ta a saƙon gaisuwa.

Ta yaya Turanci ya tara kalmomi haka? A shekarar 1066 wani basarake daga arewacin Faransa, William na Normandy, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ɗaruruwan shekaru, Latin na riƙe da coci da karatu, talakawa kuma suka ci gaba da Turancinsu na gado. Shi ya sa makiyayi ke kiran dabbarsa "cow" ko "sheep", amma in naman ya iso teburin masu mulki sai ya koma "beef" da "mutton". Har yau sawun abin yana nan. "Ask" ta gado ce, "question" ta shigo ta Faransanci, "interrogate" ta Latin ce. Kana iya "ask" ɗin abokinka, amma ɗan sanda ne ke "interrogate" ɗin wanda ake tuhuma. Ka rubuta wa malaminka cewa kana son ka yi "interrogate" ɗinsa, kai ka ɗauka babban Turanci ka zuba, shi kuwa ya ga rashin kunya. Mu ma muna da irin wannan: sani namu ne, ilimi mun aro daga Larabci, kuma kowa ya san ba ko'ina suke musanya wuri ba.

A 1852 wani likita a Ingila, Peter Mark Roget, ya wallafa littafin da ya jera kalmomi dangi-dangi bisa ma'anarsu. Irinsa ake kira "thesaurus", yanzu kyauta ne a waya. Yana da amfani, amma jeri kawai zai ba ka, ba zai ce maka wacce ke yabo wacce ke zagi ba. "Slim" da "skinny" suna layi ɗaya, alhali ta farko siririya ce, ta biyu ramammiya. Gwada faɗa wa budurwa ta biyun ka ga. Sannan kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Mu muna cewa ruwa mai ƙarfi, sai ɗalibi ya rubuta "strong rain", Bature kuwa "heavy rain" yake cewa. Muna shan magani, shi kuma "take" yake yi, ko da ƙwaya ce.

Shi ya sa ni ban yarda da haddar dogayen jerin manyan kalmomi da ake turawa a WhatsApp ba. Abin da nake ba ƙannena shawara shi ne a samu ɗan littafin rubutu, kowane shafi dangi ɗaya. In ka haɗu da sabuwar kalma a jarida ko fim, kwafe jimlar gaba ɗayanta, kar ka tsinke kalmar ita kaɗai. Sai ka duba ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, domin yana nuna wa mutum ko kalmar ta ofis ce, ko ta hira, ko ta kushe. Daga nan ka ƙirƙiri jimlarka a kan abin da ya shafe ka, ka yi amfani da ita a satin.

Masu JAMB, ku matso. Cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, kuma a ciki akwai na ma'ana mafi kusa da na kishiyar ma'ana. Jimlar ce ke yanke hukunci. "Novel" littafin labari ne, amma in aka ce "a novel idea", sabon tunani ake nufi. Kuma ku karanta umarnin da ke sama tukuna, don a sashen kishiya sau da yawa ana ajiye mai kama da ita a cikin zaɓin, mai gaggawa ya dafe ta yana murna.

Aikin gida: ku binciko bambancin "childish" da "childlike", ku yi wa kowacce jimla ɗaya. Da su za mu buɗe shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Na bar ku lafiya.