Labarin da Ke Gefen Shafi

Idan aka miƙa wa masanin tsofaffin rubuce-rubucen hannu littafi, ba ya gaggawar karantawa. Sai ya fara ɗaga takardar ya haska ta. A littattafan ƙasar Hausa da Borno sau da yawa akan ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, tambarin masana'antun arewacin Italiya ke nan, waɗanda fatake ke kawo kayansu ta Masar da Tarabulus. Da wannan kaɗai ana iya ƙaryata mai cewa littafinsa ya shekara dubu, don ba a rubutu a kan takardar da ba a yi ba tukuna.

Daga nan sai tsarin shafi. Alƙur'anan farko masu rubutun Kufi a kan fata aka yi su, da yawansu faɗinsu ya fi tsawonsu. Da takarda ta yaɗu sai shafi ya miƙe tsaye, kamar Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekarar 391 bayan Hijira, wanda ke ajiye a Dublin yau.

A wurinmu kuwa ba a ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ne, a haɗa a sa cikin gafaka. Shi ya sa marubuci ke rataya kalma ɗaya a ƙasan shafi, wadda ita za ta buɗe warƙa ta gaba. In iska ta watsa takardun, da ita ake mayar da kowace wurinta. Alarammomi har yau suna sa wasali da jar tawada, su zana kumsa a aya ta biyar, kuri a ta goma.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne filin da ake bari tsakanin layuka da gefe. Wanda bai sani ba sai ya ce almubazzaranci ne, ga takarda da tsada a wancan zamani. Alhali da gangan aka bar shi don ɗalibi ya cusa abin da malam ya fassara. Wani Alƙur'ani na Borno da aka kammala tafsirin gefensa a 1669, wanda masani A.D.H. Bivar ya bayyana wa duniya a 1960, yana cikin waɗanda ke ɗauke da ƙananan bayanai da tsohon harshen Kanembu. Daga irin waɗannan ƴan kalmomi da aka matsa tsakanin layuka masana harshe ke gano yadda malaman Borno ke fassara shekaru fiye da ɗari uku da suka wuce.