Faɗakarwa A Kan Jinyar Ƙugu Bayan Likita Ya Gama Aikinsa

Mai karatu ya sani, ciwon ƙugu mai sauka ƙafa tsohon ciwo ne. Malaman ilmin magani na da suna kiransa irƙun nasa, Ibnu Sina ma ya yi bayaninsa cikin littafinsa Alƙanun. A Wurogauri da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo ya fi damun mutum uku: manomin fadama mai yini a duƙe, da ɗan kasuwa mai ɗaga buhu yana hawan kabu-kabu zuwa kasuwar Jega, da malami mai zama a buzu tun asuba har hantsi. In ciwon ya tsananta har aka kai ga tiyata, jama'a sukan ɗauka ranar da aka ɗinke rauni magana ta ƙare. Alhali kuwa rabin jinya yana gaba, wannan rabin kuma yana hannun majinyaci da iyalinsa.

Ga yadda abin yake. A ƙugu akwai ƙasusuwa 5 a jere, wani bisa wani. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai kama da gammo, gefensa da tauri, cikinsa da laushi, shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. In gefen ya tsage, sai abin da ke ciki ya ɓullo ya danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Shi ya sa cuta tana ƙugu amma zogi yana sha-raɓa ko tafin ƙafa. Galibi faifai biyu na can ƙasa ne ke yin haka, don su ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Wannan ba karaya ba ce, ba kuwa gocewar ƙashi ba. Maɗoran Aliero sun yi suna wajen ɗori, amma faifan da ya tsage ba abin ɗorawa ba ne, ƙaho da sakiya kuma ba su isa inda yake.

Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Wanda zoginsa ya ƙi kwanciya, ko ƙafarsa ta fara mutuwa, shi ake yi wa aiki. A shekarar 1934 ne wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana cewa faifan nan shi ne tushen ciwon, kuma cire abin da ya ɓullo yana kawo sauƙi. Tun daga 1977 aka fara yin aikin da madubin ƙara girma, ta 'yar ƙaramar tsaga. A Arewa ana yinsa a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

To, a nan hankali ya kamata ya tsaya. Likita yana cire gutsuren da ya danne jijiya ne kaɗai, tsagar da ke jikin faifan tana nan. Faifai kuwa jini kaɗan ke isa gare shi, don haka warkewarsa a hankali take. Naman ƙugu da na ciki, waɗanda ke tallafe da baya, su ma sun yi rauni saboda watannin da mutum ya yi yana ɗingishi. Majinyaci ya tashi ba zogi, ya ɗauka ya warke sarai, ya koma ɗaukar buhu, sai faifai ya sake ɓullowa. Wannan yana samun mutum 5 zuwa 15 cikin 100. Wani kuma tsoro ke kama shi, ya kwanta wata biyu ana kawo masa abinci har shimfiɗa, ya tashi baya a ƙage, ƙafafu ba ƙarfi. Mai garaje da mai kwanciya duk sun cuci kansu.

Wanda ke nuna hanyar tsakiya shi ne likitan gashin ƙashi, wanda 'yan zamani ke ce wa likitan fisiyo. Sunan gashi yakan ruɗi mutane, domin ɗumama wuri da na'ura ƙaramin sashe ne na aikinsa. Babban sashe shi ne koya wa majinyaci motsa jiki bisa ma'auni. Wannan sana'a ta shigo ƙasar nan a 1945, sa'ad da aka kawo Turawan Ingila biyu asibitin Igbobi a Ikko domin jinyar sojan da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966. Yau mutumin Wurogauri yana samun masu wannan aiki a manyan asibitocin Birnin Kebbi. A 2014 masana suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka ga waɗanda suka fara motsa jiki a hannun malamin aikin daga mako na 4 zuwa na 6 zoginsu ya fi saurin raguwa, ba a kuma ga hakan ya ƙara yawan masu komawa tiyata ba.

Ga abin da aka saba umurtar majinyaci da shi, sai fa in likitansa ya ce wani abu dabam. Tun ranar aiki ko kashegari za a tashe shi ya taka. In ya koma gida, tafiya ita ce babban maganinsa: yau daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa bakin masallaci, kullum da ɗan ƙari. In zai tashi daga kwance, ya mirgina gefe gaba ɗaya, ya sauke ƙafafu, ya tura da hannu. Gado mai tudu ya fi masa tabarma. Cikin mako 4 zuwa 6 na farko ya nisanci duƙawa, da murɗa ƙugu, da ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 ta ninka wannan sau 5, buhun taki kuwa sau 10. Kada ya zauna fiye da minti 30 bai miƙe ba, ko a mota ne a tsaya ya taka. Kabu-kabu ya dakata tukuna. Malami ya bar buzu ya hau kujera mai majingina, ɗan kasuwa ya tsare ciniki ya bar wa yara ɗaukar kaya. Noma da dako sukan jira wajen wata 3. Mai shan taba ya bari, domin tana hana faifai warkewa.

Sau da yawa abin da ke sa mutum duƙawa tun lokaci bai yi ba shi ne kunyar a gan shi yana salla a zaune. Malamai sun san Risala da Ahalari sun yi bayanin sallar mara lafiya, wanda bai iya ruku'u da sujada ba yana yin nuni. Wajibi ne su faɗa wa jama'a wannan, a kuma ajiye wa majinyaci kujera wurin alwala da makewayi.

Zogi yakan riga tafiya, amma mutuwar fata da rashin ƙarfin ƙafa sukan ɗauki watanni, wannan ba abin firgita ba ne. Abin da ba a kwana da shi a gida shi ne in fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa tana ƙara rauni, ko zazzaɓi ya zo da ruwa a bakin ɗinki. Wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, domin jinkiri yana iya kashe jijiya har abada.

Mai gida da ya sayar da sa ko amfanin gona ya biya kuɗin tiyata, kada ya yi asararsu saboda gaggawar kasuwa ɗaya. Ya roƙi likitan gashi ya nuna masa motsin a gaban ɗansa ko ƙanensa, domin a riƙa yi a gida safe da yamma, ya kuma koma ranar da aka sa masa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Tamat.