Ɗaukar Hoton Ƙwari ta Madubin Likita

Ƙwaron da ke huda wake a rumbu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ƙwan da macen ke mannawa a jikin ƙwayar waken kuwa bai kai milimita 1 ba. Madubin likita ne ke ƙara wa irin waɗannan halittu girma har a ga gashin ƙafarsu, kyamara kuma ta adana abin da aka gani. Kafin zuwan kyamara da hannu ake zanawa, kamar yadda Robert Hooke na Ingila ya zana ƙuma da kwarkwata a littafinsa na 1665.

Madubi iri biyu ake aiki da su. Mai ido biyu yana ƙara girma sau 10 zuwa 40, haske na sauka ta sama, kuma shi ya dace da ƙwaro sukutum. Ɗayan ya fi ƙarfi, yana kaiwa sau 100 ko fiye, amma sai an shimfiɗa fiffike ko ƙafa a kan gilashi haske ya ratsa ta ƙasa. Akwai kyamarar da ake ɗaurawa a kan madubin, wayar hannu ma takan yi idan an daidaita idonta da bakinsa.

Ƙwaro mai rai ba ya tsayawa, don haka akan sa shi a firji na ɗan lokaci ya lafa, ko a jiƙa shi a sifirit. Sai a share shi da buroshi mai laushi, domin ƙurar hunturu na iya rufe masa ido a hoto. Bayan ƙwaro yana da sheƙi, shi ya sa ake kewaye shi da farar takarda don hasken fitila ya yi laushi. Babbar wahalar ita ce, gwargwadon ƙarin girma, gwargwadon ƙanƙancewar wurin da ke fitowa sarai: in ido ya fito, ƙafa ta dushe. Maganinta shi ne a ɗauki hotuna masu yawa, ana murɗa madubin kaɗan-kaɗan daga saman ƙwaron zuwa ƙasansa, sannan kwamfuta ta tsinto wuraren da suka fito ta haɗa su hoto ɗaya.

Amfanin wannan aiki a bayyane yake a ƙasar gero da wake irin Mai'adua, da ke masarautar Daura a kan iyakar Nijar. Tsutsar da ke cin zangarniyar gero tana da abokin gaba, wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke sanƙarar da ita ya sa ƙwansa a jikinta. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi suna kiwonsa suna sakinsa a gonaki. Manomin da ya ga hotonsa ya san ba kowane ƙwaro ake fesa wa magani ba.

Haka yake ga sauro. Namiji ba ya cizo, kuma ana gane shi da gashi mai kauri a ƙahonninsa. Macen Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, tana da ɗigo-ɗigo a fiffike, da 'yan sanduna biyu a gefen bakinta masu tsawo daidai da bakin. Na macen sauron Kiyuleks kuwa gajeru ne. Kaskar da ke jikin shanun kasuwar Mai'adua ƙafarta takwas, ba shida ba kamar sauro, amma ita ma da hoton madubin likita ake tantance nau'inta.

Hoto ba ya zama shaida sai da ma'aunin tsawo a gefensa, da sunan wurin da aka kama ƙwaron, da rana, da shukar ko dabbar da aka same shi a kai. Da waɗannan bayanai ne masana, kamar na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ke iya tabbatar da sunansa su ba da shawarar da ta dace.