Amfilifaya Iri Biyu: Wacce Ta Dace da Gidajen Yauri?

Duk wanda ya taɓa aza tafin hannunsa a kan tsohuwar amfilifaya da tsakar rana a watan Afrilu a Yelwa, sa'ad da ake sauraren tafsiri ko faifan Mamman Shata a zaure, ya san cewa wannan na'ura mai nauyi, wadda aikinta ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, takan yi zafi kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Musabbabin haka kuwa yana cikin asalin ƙirarta.

Irin ta dā, wadda masana ke kira ajin AB, tiransistocinta tamkar ƙofar madatsar ruwa suke, wadda ake ɗagawa ana saukewa sannu-sannu gwargwadon hawa da saukar murya, kuma duk wutar da aka tare sai ta rikiɗe zafi, har ma bisa ƙa'idar hisabi, ko ta kai matuƙar kamala, abin da take miƙa wa lasifika ba ya wuce kashi 78.5 cikin 100.

Ɗayar kuwa, wato ajin D, wadda Baturen Ingila Alec Reeves ya ƙago a shekarun 1950, kamfanin Sinclair kuma ya kai ta kasuwa a 1964, hikimarta ita ce buɗe ƙofar gaba ɗaya da rufe ta ruf, sau dubban ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, sa'an nan matata ta naɗin waya ta tace sautin. Saboda haka amfaninta kan haura kashi 90, ga ta ƙarama, ga sanyi.

Amma kowacce da aibinta. Mai arha daga ajin D takan cusa ƙara cikin rediyo mai gajeren zango, kuma idan ta ƙone, gyaranta yakan gagari mai gyara na kasuwa, alhali tsohuwar, da an sauya tiransista, sai ta farfaɗo.

To, mu da muke maƙwabtaka da madatsar Kainji tun 1968, amma batir da sola ne madogarar gidaje da yawa daga Ngaski har Shanga, ƙona wuta a banza israfi ne. Mai dogaro da batir ya nemi ingantacciyar ajin D, kuma ya gwada ta kusa da rediyonsa kafin ya biya kuɗi.