Masu Zanen Kwamfuta a Dutse: Burushin Saye da Gwanintar Hannu

Duk wanda ya ratsa Dutse lokacin yaƙin neman zaɓe, ko a makonnin bayan Sallah da bukukuwa ke yawaita, ya ga aikinsu ko da bai san fuskarsu ba. Fastar ɗan takara a shataletale, banar walimar saukar Alƙur'ani a ƙofar Islamiyya, katin ɗaurin aure, kalandar ƙungiyar ɗalibai, sitikar da aka manna a jikin robar dabino ko kwalbar zuma, duk daga hannun mai zanen kwamfuta suke fitowa. Matasa dizaina suke ce masa. Shagonsa sau da yawa bai wuce ɗaki ɗaya ba: tebur, kwamfutar tafi-da-gidanka, firinta, fanka da bencin masu jira. Amma a wannan ɗakin ake yanke yadda biki ko haja ko ɗan siyasa zai bayyana a idon jama'a.

Sana'ar tare da garin ta taso. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga jihar Kano, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikatu suka sauka, kowace na bukatar allon suna da takarda mai tambari da fastar taro. A wancan lokaci masu fenti ke riƙe da aikin, da gwangwaninsu da burushin gashi, manyan ayyuka kuwa Kano ake kai su. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure, kwamfuta ta zama abin da ɗan Jigawa zai koya a gida. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ya tara dubban ɗalibai masu neman a buga musu kundin bincike, fastar zaɓen ƙungiya da hoton kammala karatu. Shagunan da suka fara da buga rubutu da kwafi suka ƙara da zane. Yau har daga Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun da Gwaram ana turo aiki ta WhatsApp.

Leya, ƙashin bayan aiki

Manhajoji biyu ne suka fi yawa a kan teburin mai wannan sana'a. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, ita ake tsara rubutu da tambari da ita. Photoshop kuma, wadda 'yan'uwan juna Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ita ce ta hoto. Wanda bai kai ga mallakar kwamfuta ba yakan fara a waya da PixelLab ko Canva, kuma da yawa daga nan suka ɗauko hanya.

Abin da ya mai da Photoshop kayan sana'a na gaske shi ne leya, wadda aka shigo da ita a 1994. Kafin nan duk abin da ka shafa a hoto ya zauna ke nan. Leya kamar fallayen leda ne masu garai-garai da aka jera wani kan wani: kowane falle da abin da aka zana a kansa, in ka leƙa daga sama sai ka ga hoto ɗaya, amma kana iya zare na tsakiya ka gyara ba tare da ka taɓa sauran ba. Bayan haka aka ƙaro leyar gyaran launi da haske a 1996, sannan a 1998 aka kawo kwalliyar leya, wato inuwa da walƙiya da kaurin harafi da ake ɗora wa rubutu da danna maɓalli.

A ɗauki banar walimar sauka. Gwani zai fara da bango, ya ba shi launi ɗaya mai nutsuwa. Sai ya yanko hotunan ɗalibai, kowa a leyarsa. Ba ya goge gefen hoto, rufe shi yake yi da marufin leya, domin in ya yanke gefen hijabi ko bakin hula fiye da kima ya iya dawo da shi. Sai leyar inuwa a ƙarƙashin mutane don kada su yi kamar suna reto a iska. Sai leyar haske, sai sunan makaranta, sai ranar taro da wuri. Kowace leya yana da ikon rage mata ƙarfi, ko ya sa ta narke cikin ta ƙasa ta hanyar da ke duhuntawa ko wadda ke haskakawa. Aiki ɗaya na iya cin leya talatin ko fiye.

A nan ake gane wanda ya ƙware. Yana sa wa kowace leya suna, yana tara masu alaƙa a jaka ɗaya, yana ajiye asalin aikin a fayil ɗin PSD. Ranar da shugaban makaranta ya dawo ya ce an ɗage walima da mako guda, ko an manta sunan wata ɗaliba, gyaran minti kaɗan ne. Wanda ya haɗe komai ya mai da shi falle ɗaya kuwa, sai ya sake daga farko, kuma ba mai ƙara masa ko sisi.

Burushin da ake saye

Burushin kwamfuta ba gashi gare shi ba. Hoto ne ƙarami da manhaja ke maimaitawa duk inda aka ja linzami ko alƙalamin allon zane. Mai ƙera shi yana tsara girmansa, tazarar da ke tsakanin tambari da tambari, yadda zai warwatsu, da yadda zai yi kauri ko siranta gwargwadon danna hannu. Ana haɗa su goma-goma ko ɗari-ɗari a fayil ɗin ABR a sayar a kasuwannin intanet irin su Creative Market, Envato Elements, Gumroad da Etsy. Akwai na hayaƙi, na gajimare, na tartsatsin zinariya, na feshin tawada, na furanni, na silin gashi. Ƙera burushi kansa sana'a ce mai kawo kuɗi: Ba'amurke Kyle T. Webster ya yi suna da sayar da nasa har Adobe ta saye su a 2017, shi kuma ta ɗauke shi aiki.

Amfanin burushi ga mai shago a Dutse a fili yake, lokaci yake saya. Ƙurar zinariyar da za ta zagaye sunan amarya, in da hannu za a ɗiga ta, wuni za ta ci. Da burushi jan hannu uku ya isa. A garin da wutar KEDCO ke zuwa tana ɗaukewa, kuma kowace sa'a ta janareta kuɗin fetur ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sauƙin nan shi ne tarkon sabon shiga. Ya samu burushi ɗari biyar, sai ya ga kamar dole kowanne ya fito a kati ɗaya: hayaƙi ta nan, taurari ta can, walƙiya a kan kowane harafi, har mai karatu ya rasa ranar ɗaurin aure. Gwani yakan zaɓi biyu ko uku, ya shafa kowanne a leyarsa daban, ya rage masa ƙarfi har sai ya zauna a cikin hoton. Ya san hasken da ya ɗora dole ya zo daga ɓangaren da rana ta haska fuskar mutumin a hoton asali. Tambayar da yake yi wa kansa ita ce: mai wucewa a kan babur zai karanta saƙon nan kafin ya gifta?

Kuɗi, lasin da amana

Da dala ake sayen waɗannan kaya, ita kanta Photoshop tun 2013 ta koma biyan kuɗin wata-wata ko shekara-shekara. A 2022 bankuna da dama a Najeriya suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. A tsakani, a watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi tashin gwauron zabi. Wannan ya sa da yawa suka dogara da manhajar da aka fasa da burushin da ake yawo da shi a filash ko a zaurukan Telegram.

Matsin gaskiya ne, amma hanyar tana da illa. Fayil ɗin da ba a san asalinsa ba yakan zo da cutar kwamfuta da za ta cinye aikin shekara. Kuma abin da mai saye ke biya izinin amfani ne, wato lasin. Wani lasin na amfanin kai ne kawai, wani ya halatta aikin kuɗi, kusan dukkansu kuma sun hana rarraba fayil ɗin ga wasu. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ko ba don doka ba, mai zanen da ransa ke ɓaci in wani ya goge sunansa daga aikinsa ya kamata ya gane cewa mai ƙera burushi ma gumi ya zubar. Mafita tana nan: GIMP da Krita kyauta suke, akwai burusan da masu su suka bayar sadaka, kuma wanda ya sayi ƙunshi ɗaya mai kyau yana iya raba kuɗinsa a kan ayyuka goma.

Akwai wata amanar a gyaran fuska. Manhaja na iya goge ƙuraje, ta share tsagar gado, ta mai da baƙi fari. Kwastoma da yawa su ke roƙon haka. Mai mutunta sana'arsa yakan gyara haske, ya cire abin da kyamara ta ɓata, ya bar mutum da kamanninsa. Ɗan takarar da masu zaɓe ba su gane shi a fastarsa ba, an cuce shi ne da kuɗinsa.

Daga allo zuwa takarda

Aiki bai ƙare ba sai an buga. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu. Shi ya sa shuɗin da ke ƙyalli a waya yakan fito a dushe a kan fileks, walƙiyar da aka sha wahala a kanta ta zama tabo. Wanda ya san aiki tun farko yake saita launin bugu, ya yi katin hannu da ɗigo 300 a kowane inci, ya bar rara a gefe saboda yanka. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matse yake zuwa, don haka yakan ce a sake turo shi a matsayin fayil. In aikin mai yawa ne da za a tura Kano, yakan nemi a buga gwaji ɗaya tukuna.

Wata matsalar ta rubutun Hausa ce. Yawancin salon haruffan da ake saye ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Mai gaggawa sai ya bar ƙugiyar, sunan mutum ko na unguwa ya fito a gurgunce. Mai kula yakan nemi salon da ke da su, ko ya zana ƙugiyar da hannunsa a wata leya.

Koyon sana'ar har yanzu na zaman shago ne, ko da an haɗa da darussan YouTube. Yaro yakan fara da buga rubutu, ya koma yanke hoto, sai oga ya ga hannunsa ya faɗa kafin ya bar masa kati. A nan yake koyon abin da bidiyo ba ya koyarwa: karɓar kafin alƙalami, karanta wa kwastoma rubutu harafi-harafi kafin bugu, da sanin wa ake fara ambata a katin gayyata tsakanin iyalan ango da na amarya. Mata ma sun shigo, da yawa daga gida suke yi da waya, suna tsara tallan turaren wuta da kayan ƙwalama.

Burushin gida

Wanda ya buɗe ƙunshin da aka sayo zai tarar da dusar ƙanƙara, ganyen itatuwan Turai da furannin da ba sa tsirowa a Jigawa. Ba zai ga dagi ba, ba zai ga aska takwas ta babbar riga ba, ko zanen ƙwarya, ko saƙar faifai, ko zayyanar allon sauka, ko adon bango irin na fadar Sarkin Dutse da ke Garu. Ga zanen shanu na dā a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda masani Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950. Ga reshen dabino, ga fuskar duwatsun da suka ba garin suna. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ƙera burushi kuwa ba ya bukatar dala. A zana dagi da baƙar tawada a farar takarda, a ɗauke shi hoto a wuri mai haske, a tsabtace shi a manhaja, a umarce ta ta mai da shi burushi. Baƙin shi zai zama tawada, farin ya ɓace, toka-toka ya zama shafi mai rauni. Daga nan sai saita tazara da juyawa, a gwada, a gyara. In daga aikin wani magini ko maɗinki aka ɗauko, a nemi izininsa, a ba shi haƙƙinsa.

Wannan ne matakin da ya rage wa masu zane na Dutse. Sun iya leya, sun iya haɗa launi, sun san kwastomansu. Ƙunshin burushi na adon Hausa da aka yi da kyau, mai lasin a rubuce da farashi a naira, yana da masu saye a Kano da Zariya da Maraɗi, da masu tsara fastar finafinan Hausa da bangon littattafai, da 'yan'uwa mazauna ƙetare da ke son katin bikinsu ya nuna inda suka fito. Makarantun da ke koyar da kwamfuta a jihar su sa ƙera burushi cikin darasi, iyayen gida a shaguna su ɗora yaransu a kai kafin su yaye su. Sayen burushin waje ba laifi ba ne, kayan aiki ne. Amma wanda ya iya ƙera nasa ya ƙara wa kansa hanyar abinci, kuma aikinsa ba zai yi kama da na kowa ba.